Shanun da Ba Su Shiga Rajista Ba

Litinin, 7 ga Maris, 2016

An kira mu taro a ofis a Rano, mu malaman dabbobi tara. Ko ruwan leda ba a ajiye mana ba, daga nan na san ba alheri. Malam Shitu mai riƙe da takardunmu ya tashi ya karanta wata doguwar takarda. Wai kuɗin da ke shigo wa gwamnati ya gaza abin da aka rubuta a kasafi, kuma tun bara aka sa doka cewa in haka ta faru, zaftarewa za ta faɗo da kanta. Ba zama, ba sa hannun kowa, ba roƙo. Namu rabon shi ne: duk ɗakin allurar da shanun rajistarsa ba su kai dubu biyu ba, ranar ɗaya ga Afrilu a rufe shi, kayansa su koma ɗakin da ya fi kusa.

Na ce wa ya yanke wannan? Shitu ya ce, "Ba kowa, Malam Ishiyaku. Tarko ne, an ɗana an tafi."

Ko a jikina. Shekarata goma sha shida a Zinyau. In muka fara rigakafi kwana biyar muke yi ba mu ga ƙarshen shanu ba, har da masu ƙetarowa daga ɓangaren Kibiya.

Talata, 8 ga Maris

Na buɗe rajista. Dubu ɗaya da ɗari da arba'in.

Na sake tarawa sau biyu. Haka take.

Ni na jawo, kuma na san yadda aka yi. Bafillace ba ya faɗin yawan shanunsa, ba a kuma nuna su da yatsa a ƙirga a gabansa. Wasu tsoron baki suke yi, tsofaffi kuma har yau jangali bai fita daga ransu ba. Ni kuwa tun farko abin da mutum ya faɗa shi nake rubutawa. Duk saniyar da ta shigo shinge na yi mata allura, magani a kwali yake zuwa, ba wanda ya taɓa tambaya ina ya tafi. In an gama in ce, "Bappa, nawa zan rubuta?" Ya shafa gemu ya kalli gabas ya ce, "Talatin, Dokta, in ka haɗa da maruƙa." Alhali hannuna ciwo yake yi saboda shanunsa kaɗai. Mu yi dariya, a kawo mini kindirmo.

Da wannan suka yarda da ni. Da wannan kuma yau za a rufe mini ɗaki.

Alhamis, 10 ga Maris

Rajistar Adnan, shanu dubu uku da ɗari bakwai. A Saji!

Saji da na sani kamar yunwar cikina? Rugagen can duk in ka tattara su ba su kai na nan ba. A ina ya samo dubu uku da ɗari bakwai, ko kaji yake haɗawa?

Adnan fa. Shekara bakwai da suka wuce aka turo mini shi daga makaranta ya koyi aiki. Da farin wando ya zo ruga. Ranar farko karsana ta zaunar da shi cikin kashin shanu. Ni na koya masa riƙon sirinji, ni na koya masa kada bijimi, ko babur a hannuna ya koya, sau biyu yana kai ni cikin ƙaya. Yanzu shi ne ɗakin da ya fi kusa. Kayana wurinsa za su.

Litinin, 14 ga Maris

Na je wurin Shitu in gyara lamba. Ya ce tun Disamba aka aika Kano, ta shiga kwamfuta. Na ce to a kai ni wurin mai kwamfutar in yi masa bayani. Ya ce shi ma mai kwamfutar an zaftare masa man janareta. Ya yi dariya shi kaɗai.

Da a ce mutum ne ya yi mini wannan, da na san gidansa, na san wanda zan ɗauka mu je mu gaishe shi. Wannan kuwa ba ka da ko wanda za ka harara.

Sai Adnan.

Juma'a, 18 ga Maris

Bayan masallaci wani yana cewa yaron nan na Saji akwai ƙoƙari. Na ce takalmina ya ɓata, na bar wurin.

Laraba, 23 ga Maris

Matata Lubabatu ta gaji da ni. Ta ajiye tuwo ta ce, "Malam, yaron nan me ya yi maka ne? Shi ya rubuta maka talatin?" Na ce ta fita harkar da ba ta sani ba. Ta ce ita dai ta san kwana goma sha biyar ke nan ba a ci abinci a gidan nan ba sai da sunan Adnan a ciki, kamar daddawa.

Ban kula ta ba. Amma tuwon bai shiga ba.

Kishi nake yi, ina ruwan wani. A nan dai zan iya faɗa. Allah na tuba.

Juma'a, 1 ga Afrilu

Sun zo da a-kori-kura da hantsi. Adnan ne da takardar Shitu a hannu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, wannan durƙuson ma haushi ya ba ni, gara ya zo da girman kai in san abin da zan riƙe. Suka ɗauki firiji mai kananzir, kula biyu, akwatin sirinji, benci. Tukunyar da nake dafa sirinji ce kawai ba ta cikin takarda, don tawa ce, daga kicin ɗin Lubabatu na ɗauko ta tun shekarar da na zo.

Saura babur. Ni na ɗinke kujerarsa da zaren buhu. Adnan ya ce, "Malam, ka riƙe shi a wurinka, ni zan san abin da zan gaya wa ofis." Ji fa. Shi zai ba ni aron babur ɗina. Na ciro makulli na ajiye a kan kujerar, ban miƙa masa a hannu ba. Na ce masa in ya sake ganina a kan babur ɗin nan, gaba ko baya, ba sunana Ishiyaku ba.

Ya ɗauki makullin. Suka ɗora suka tafi. Na rufe ɗaki da kwaɗo duk da ba komai a ciki sai kalandar bara.

Talata, 5 ga Afrilu

Ba a kore ni ba, an dai mayar da ni Saji a matsayin mataimaki. Mataimakin wa? Hmm.

Na je a keke. Abin da na fara gani sabon firiji mai amfani da hasken rana, fari fat, ko ƙara ba ya yi. Shekara shida ina rubuta takardar neman irinsa. Ashe tun bara wasu masu ba da tallafi suka aiko da shi, aka ce a kai inda shanu suka fi yawa. A takarda.

Adnan ya tashi daga kujerarsa ya ce in zauna. Na zauna a bencina, ai na gane shi.

Abu ɗaya ya sanyaya mini rai: ƙazami ne. Buhuna huɗu a lungu cike da kwalaben allura da aka gama da su, har da rubutu a jikin kowane buhu. Ni duk ƙarshen rigakafi nake haƙa rami in binne nawa. Ɗaki mai firijin Turai, ga bola a ciki.

Talata, 12 ga Afrilu

Wani ya leƙo ya ce, "Dokta yana nan?" Na miƙe. Ya ce a'a, ƙaramin.

Asabar, 16 ga Afrilu

Na rubuta takardar koke. Shafi biyu. Na ce lambar Saji ƙarya ce, a zo a bincika. Na kawo sunan kowace ruga da abin da na san mai ita zai iya faɗa da bakinsa, ko dubu ɗaya ba su cika ba. Rabona da rubutu mai kyau irin wannan tun jarrabawar ƙarin girma.

Ban sa suna ba. Daga baya na sa. Ni ba matsoraci ba ne.

Lubabatu ta ga ina naɗewa, ta tambaya ko ta neman canjin wurin aiki ce. Na ce kusan haka.

Talata, 19 ga Afrilu

Na je Rano da takardar a aljihu. Kafin in fito da ita na ɗan zagaya, na tambayi Shitu in aka kawo ƙara a kan lambar wani ɗaki me ke faruwa. Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce ana dakatar da lambar sai an gama bincike. Lambar da aka dakatar kuwa sifili kwamfuta take ganinta, sifili kuma bai kai dubu biyu ba. Ɗakin ya rufu ke nan. Maganin bana ya koma Kano.

Ya ce, "Bincike kuwa ka san shi, sai kaka. Wa za ka kai ƙara?" Na ce tambaya ce kawai.

Wato in na miƙa, ba Saji, ba Zinyau, ba allurar ciwon harbin daji kafin damina.

Ya kamata in ce a nan take na yaga ta. Ban yaga ba. Duk hanya ina taɓa aljihu ina jin daɗin tana nan. Har na hango yadda za su zo da a-kori-kura su ɗauki farin firijin yana tsaye yana kallo. Na ji daɗin hangen, wallahi na ji.

Laraba, 27 ga Afrilu

An fara rigakafi a Saji. Mutanen Zinyau ba su kawo ko kofato ɗaya ba. Adnan ya aika musu sau biyu. Yau ya je rugar Bappa, dattijon Fulanin Zinyau, da kansa, ya ce in raka shi, na ce gwiwata. Ya dawo ko saukowa daga babur bai gama ba na gane. Wai Bappa ya ba shi nono ya sha, ya yi masa addu'a, ya ce su ba su san hannunsa ba. In Dokta ya dawo ɗakinsa sa kawo.

Na sunkuyar da kai don kada ya ga bakina.

Ya ce, "Malam, ruwa ya kusa. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa." Na ce ai ni mataimaki ne, kalmar babba ake ji.

Asabar, 30 ga Afrilu

Zafi. Takardar ta jiƙe da gumi, na sake kwafe ta.

Litinin, 9 ga Mayu

Ruwan farko da la'asar, mai yawa. Kowa murna, ana ta fito da iri. Ni kuwa ina tsaye a zaure ina tuna cewa cikin shekara goma sha shida ban taɓa barin ruwan farko ya sauka a kan shanun Zinyau ba allura ba. Sabuwar ciyawa in ta fito, harbin daji a bayanta yake.

Ba laifina ba ne. Ba ni na ɗana tarkon ba.

Asabar, 14 ga Mayu

Karsanar Bappa ta mutu. Jar nan mai farin goshi, wadda na ciro da hannuna shekara biyu da suka wuce da ta zo a juye. Jiya da safe ta fara ɗingishi, yau an wayi gari ba ta. Na je a keke. Cinya ta kumbura, in ka danna tana ƙara kamar busasshen ganye. Ba sai an gaya mini ba, harbin daji ne. Na sa aka haƙa rami mai zurfi, na hana a yanka, na ce a janye garke daga fadamar.

Ba wanda ya ɗora mini laifi. Matar Bappa ta kawo kindirmo kamar kullum. Na kasa sha.

Lahadi, 15 ga Mayu

Bappa ya zo gida da sassafe, da ƙafa, da sandarsa. Rabon da ya shigo gari shi kaɗai na manta. Muka zauna a zaure. Ya ce ya ji a bakin mutane wai don shanu sun yi kaɗan a takarda aka rufe ɗakin. Na ce haka ne. Ya ce, "Ashe mu muka rufe maka." Na ce a'a, ni ne mai biro.

Sai ya ce in matso. Ya leƙa waje, ya leƙa ƙofar cikin gida, ya kama kafaɗata ya sa baki a kunnena ya faɗi lamba.

Ya ce ko 'ya'yansa bai taɓa gaya wa ba, shi ma bai taɓa jin ta daga bakin ubansa ba. Ya ce, "Rubuta, Dokta. Kai musu. In ba ta isa ba zan sa sauran su zo su faɗi nasu. Su buɗe maka ɗakinka ka zo ka tsare mini na raye."

Ya zan gaya masa an rufe rajista tun Disamba? Ya zan ce abin da ya ciro daga cikinsa da ƙyar ba inda za a shigar da shi? Dattijo ya tako tun daga ruga ya ba ni abin da ya fi ɓoyewa a duniya don ya ɗauka takarda ce ta tsaya tsakanin shanunsa da allura. Alhali allurar tana Saji cikin sanyi tun watan jiya. Ni na tsaya.

Na ce masa jibi da safe a tara shanu. Ya ce, "A ɗakinka?" Na ce a rugarsa.

Lambar ba zan rubuta ta ba, ko a nan.

Litinin, 16 ga Mayu

Na sami Adnan shi kaɗai. Na ce kafin komai ya gaya mini gaskiya tsakaninsa da Allah, wane Bafillace ne ya faɗa masa dubu uku da ɗari bakwai. Ya ce ba kowa, shi bai taɓa tambayar mutum yawan shanunsa ba. Na ce to ƙirgawa yake yi? Ya ce, "Haba Malam. Ka manta?"

Na manta. Shi ya tuna mini. Satinsa na farko, a rugar Bappa, ya ɗaga yatsa yana ɗaya, biyu, uku, na buge hannun har agogonsa ya faɗi. Na ce in ya sake nuna shanun mutum da yatsa ya koma inda ya fito.

Ya ce, "Tunda ka hana ni ƙirga shanu, sai na koma ƙirga kwalabe." Ya jawo buhu ɗaya daga lungu. Kowace kwalba shanu hamsin take yi. In an tashi aiki ya tattara waɗanda suka ƙare, ya ƙirga abinsa a ɗaki, ya rubuta jimillar gari gaba ɗaya. Ba sunan kowa, ba na wane kaza ne. Ya ce rajista ba ta taɓa neman na mutum ɗaya ɗaya ba, jimilla kawai take so.

Na duba kan shafin. Haka ne. Shekara goma sha shida ina jan layi da rula ina rubuta sunaye kamar mai karɓar jangali, ba wanda ya sa ni.

Buhunan da na kira bola. Nawa suna ƙarƙashin ƙasa a bayan ɗaki, da yanzu sun fi nasa.

Ya ce tun bara ya so ya gaya mini, ya ji nauyi, kada ya zama yana koya wa malaminsa aiki. Na ce ai da ya ji nauyin da kyau da bai ɗauki bencina ba. Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Ya yi murmushi, ni ban yi ba.

Na gaya masa kwalba nawa zai ɗauko gobe. Na haɗa da na rugage uku na maƙwabta don kada lissafi ya tona Bappa. Bai tambayi na wa da na wa ba.

Talata, 17 ga Mayu

Mun gama da azahar. Babu wadda ta ƙara faɗuwa, alhamdu lillahi, sai wani ɗan bijimi da nake sa wa ido.

Adnan ya zo ƙofar gida a babur tun da safe, kula a ɗaure a gefe. Keke ba zai kai kwalabe da sanyinsu ba, wannan kowa ya sani, kuma hanyar fadama ta yi laka. Dalilin ke nan da na hau bayansa. Lubabatu tana leƙe ta bakin ƙofa da tukunyar sirinji a hannu, ta miƙo mini ta ce, "A sauka lafiya, Malam... wa ma za mu ce yanzu?" Na ce ta shiga ciki.

Kujerar tana nan da ɗinkina. Yana tuƙi ba laifi, sai dai har yanzu yana taka birki a cikin yashi. Na gaya masa.

A ruga itace a jiƙe yake, wuta ta ƙi kamawa, ga sirinji na jiran tafasa. Ya tambaya ko akwai mai takarda. Akwai wata a aljihuna, shafi biyu. Ta kama da kyau.

Bappa ya tsaya a bakin shinge yana kallon hannun Adnan, saniya goma, ashirin. Can ya juyo ya tambaye ni a hankali ko na kai musu lambar. Na ce ta isa inda za ta yi amfani. Ya ce ɗakin fa? Na ce sai baɗi, in Allah ya kai mu, in tarkon bai sake faɗuwa ba.

Da za mu tafi ya yi godiya da Fillanci, ya ce, "Mi yetti, Dokta." Mu biyu muka amsa. Na bar shi, yaro ne.

Kwalaben yau suna nan a zaure. Na karɓi buhu ɗaya a wurin Lubabatu, na rubuta Zinyau a jiki.